Tarkon Ɓera a Gaban Alƙali

 Yau kotu za mu je, wata kotun tarayya da ke birnin Harrisburg a jihar Pennsylvania ta Amurka, a shekarar 2005. Ba a kama kowa da sata ba, ba a zubar da jinin kowa ba. Abin da ya tara lauyoyi da farfesoshi da 'yan jarida har tsawon mako shida, wata 'yar takarda ce mai sakin layi huɗu, wadda karanta ta bai fi minti ɗaya ba.

(KIƊA)

Dover ƙaramin gari ne. A watan Oktoban 2004 hukumar makarantun garin ta kaɗa ƙuri'a, mutum shida suka yarda, uku suka ƙi, cewa a sanar da ɗalibai giɓin ka'idar Darwin, daga baya aka ce kafin a koya wa 'yan aji tara darasin juyin halitta, sai an karanta musu sanarwa. Sanarwar ta ce ka'idar Darwin tana da giɓi, kuma akwai wani bayanin daban da ake kira tsarin mai hikima, wanda yake son ƙarin bayani ya je laburare ya duba littafin Of Pandas and People. Malaman kimiyya na makarantar suka ce ba da bakinsu ba. Sai manyan jami'an hukumar suka shiga aji da kansu suka karanta. Iyaye 11 suka garzaya kotu, sunan wata uwa, Tammy Kitzmiller, shi ya hau kan takardar ƙarar.

Wani zai ce, to mene ne na ƙara a nan? A Amurka kundin tsarin mulki ya hana gwamnati ɗaukar nauyin wani addini, makarantar gwamnati kuwa gwamnati ce. A 1987 kotun ƙolin ƙasar ta soke wata dokar jihar Louisiana da ta tilasta a koyar da bayanin halitta irin na coci a ajin kimiyya. Don haka tambayar da ke gaban alƙali John Jones guda ɗaya ce: shin wannan tsarin mai hikima kimiyya ne, ko kuwa tsohon zancen ne ya sake riga?

Bari mu yi wa tushen maganar gudu-gudu. A 1802 wani limamin coci a Ingila, William Paley, ya ce idan ka tsinci agogo a daji, ba sai an gaya maka akwai maƙerin da ya ƙera shi ba, haka ma ido, haka ma fiffiken tsuntsu. Mu wannan hujja ba baƙuwarmu ba ce. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji labarin Balaraben ƙauye da ya kafa hujja da kashin raƙumi da sawun matafiyi, ya kuma ji labarin Imamu Abu Hanifa da kwale-kwalen da babu wanda ya sassaƙa shi. Charles Darwin ya karanta Paley yana ɗalibi a Cambridge, littafin ya burge shi ƙwarai. A 1859 ya fito da nasa bayanin. 'Ya'yan halitta ba sa fitowa iri ɗaya, ana haihuwar fiye da waɗanda za su rayu, waɗanda siffarsu ta dace da wurin su ne ke rayuwa su hayayyafa, su gadar da siffar. Tankaɗe da rairaya ke nan, zuriya bayan zuriya, har abin ya sauya. Shi ake kira zaɓin yanayi.

To, mu koma kan littafin nan na laburare, domin nan ne abin da ya hana ni barci yake.

Lauyoyin iyaye sun nemi kotu ta tilasta wa cibiyar da ta buga littafin, wadda ke jihar Texas, ta miƙa tsofaffin rubuce-rubucen da aka yi kafin a kai shi maɗaba'a. Aka kawo dubban shafuka. Wata farfesar falsafa daga Louisiana, Barbara Forrest, ita ta zauna tana bin su shafi-shafi. Ta tarar littafin ya sha sauya suna tun daga 1983, kuma a duk rubutun farko kalmar da ake amfani da ita ita ce halitta, da Mahalicci, da masu aƙidar halitta. Sai ga 1987. Ku riƙe shekarar nan, jama'a, 1987, shekarar da kotun ƙoli ta yanke hukunci. A rubutun da ya biyo bayan hukuncin, kalmar halitta da danginta, wajen sau 150, duk an ɗebe su, an sa tsarin mai hikima a gurbinsu. Jimlolin ba su motsa ba. Ma'anar da aka bayar ba ta motsa ba. Inda da aka ce Mahalicci, yanzu an ce wani mai hikima, ba a faɗi ko wane ne ba.

Ga kuma inda asiri ya tonu. A wani shafi, mai gyaran ya zo goge kalmar Turancin nan creationists, wato masu aƙidar halitta, ya sa design proponents, wato masu goyon bayan tsari. Hannunsa ya kuskure. Bai goge harafin farko ba, bai goge wutsiyar kalmar ba, ya cusa sabuwar a tsakiya. Abin da ya fito shi ne cdesign proponentsists. Ba Turanci ba ce, ba kowane harshe ba ce.

Kun san kwanon biki? Mata kan rubuta sunansu a gindinsa da jan farce, don kada ya ɓace a hayaniya. To a ce wata ta ɗauki kwanon Hadiza, ta kankare sunan ta rubuta nata, amma ta bar H a farko, ta bar za a ƙarshe. Ko yaro ya juya kwanon nan ya san na wace ce. Abin da ya faru da littafin ke nan. Na daɗe ina tunanin mutumin da ya yi kuskuren, yana zaune gaban kwamfuta irin ta wancan zamani, yana sauri, bai san shekara 18 nan gaba wata mata za ta zo ta juya kwanon ba. Hausawa suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

(KIƊA)

Amma kada mu yi wa ɗaya ɓangaren rashin adalci, domin sun zo da masani na gaske. Michael Behe farfesa ne a jami'ar Lehigh, fanninsa sinadaran jikin halitta, kuma a 1996 ya wallafa littafin Darwin's Black Box. Hujjarsa tarkon ɓera ce. Tarkon nan na katako da ake sayarwa a kasuwa, sassansa biyar ne: katakon, da wayar da aka naɗe mai tsalle, da sandar da ke bugun ɓera, da ƙarfen da ke riƙe sandar, da maƙalin da ake sa ƙuli-ƙuli ko kifi a kai. Cire ɗaya, ba ka da tarko. Rabin tarko ba ya kama rabin ɓera. Behe ya ce a cikin ƙwayar halitta akwai injuna irin haka, ya kawo misalin wutsiyar bakteriya, wadda ke juyawa kamar farfelar jirgin ruwa, an haɗa ta da furotin iri-iri har wajen 40. Ya ce abin da sai duk sassansa sun cika yake aiki, ta yaya zai taru kaɗan-kaɗan? Gaskiya ranar da na fara jin wannan hujja, ta shige ni.

Wanda ya amsa masa shi ne Kenneth Miller na jami'ar Brown. Abin lura, shi da Behe duk mabiya ɗariƙar Katolika ne, duk masu zuwa coci ne. Miller ya shahara da wani abu da yake yi a wuraren lacca. Yakan ɗauki tarkon ɓera ya cire masa sassa biyu, ya maƙale shi a ƙyallen nan da Turawa ke ɗaurawa a wuya. Ba ya kama ɓera, amma yana riƙe ƙyalle. Ma'ana, ɓangaren inji zai iya yin wani aikin daban kafin ya shiga aikin da muka san shi da shi yau. Ya nuna wa kotu cewa furotin wajen 10 na gindin wutsiyar nan suna da 'yan'uwa a wata na'ura mai kama da allura, wadda wasu bakteriya masu cuta ke sokawa su zuba guba a jikin wanda suka kama. Mutanen Behe sukan ce mai yiwuwa allurar ce ta samo asali daga wutsiyar. Ko da haka ne, an dai ga sassan suna aiki ba tare da sauran ba, da'awar kuwa ita ce ba za su iya ba.

Ranar da lauya Eric Rothschild ya yi wa Behe tambayoyi, zama ya yi zafi. Behe ya taɓa rubuta cewa kimiyya ba ta da amsa kan yadda garkuwar jiki ta samo asali. Rothschild ya ɗauko maƙaloli 58 da littattafai tara ya jibge masa a gaba. Behe ya ce ba su gamsar da shi ba. Ya kuma amsa cewa idan aka bi ma'anar da shi ya ba kalmar ka'idar kimiyya, to duban taurari ma zai shiga ciki.

Ranar 20 ga Disamban 2005 aka yanke hukunci, shafi 139. Alƙali Jones ɗan jam'iyyar Republican ne, Shugaba George Bush ƙarami ne ya naɗa shi, mai zuwa coci ne. Ya ce tsarin mai hikima ba kimiyya ba ne, domin babu gwajin da za a yi a tabbatar da shi ko a ƙaryata shi. Ya ce wasu mambobin hukumar sun yi ƙarya bayan sun yi rantsuwa, ciki har da ɓoye cewa a coci aka tara kuɗin sayen kwafi 60 na littafin. Ya kuma rubuta cewa kuskure ne a ɗauka juyin halitta yana kore imani da Mahalicci. Kafin hukuncin ma, mutanen Dover sun kayar da mambobi takwas a zaɓen Nuwamba. Hukumar ta biya sama da dala miliyan ɗaya kuɗin shari'a. Alƙalin kuwa sai da jami'an tsaro suka yi gadinsa saboda barazanar kisa.

Ni Musulmi ne, na yi imani Allah ne Ya halicci komai, kuma maganar Annabi Adamu, alaihissalam, ta malamai ce, ba a nan za a ba da fatawarta ba. Amma abu biyu sun tsaya mini a rai. Na farko, mutanen da suka gyara littafin nan sun goge sunan Mahalicci da hannunsu don su samu shiga aji. Imanin da aka koya mana ba ya ɓoye sunan Ubangijinsa. Na biyu, wanda ya rataye imaninsa a kan abin da kimiyya ba ta gano ba tukuna, duk ranar da aka gano, igiyarsa ta ragu. Mun san yadda rana ke ɗaga tururi daga teku, iska ta koro hadari, masu hasashen yanayi su faɗi ranar saukar damina, kuma idan fari ya yi tsanani muna fita roƙon ruwa. Sanin yadda hadari ke haɗuwa bai taɓa hana manomi cewa alhamdu lillahi ba. Matasanmu da ke yaɗa maganganun Behe a Facebook su sani kuma, shi kansa ya yarda duniya ta yi biliyoyin shekaru, ya yarda halittu tushensu ɗaya.

Lokaci ya ƙure, ga shi ban shiga abin da ya fi kusa da mu ba. A taƙaice: zaɓin yanayi yana cikin jininmu. A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa mai jinin AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa ƙwayar gadon sikila ta yawaita a inda sauro ya yawaita, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ita. Kulorakwin ɗin nan mai sa ƙaiƙayi da muka sha muna yara, ƙwayar maleriya ta rikiɗe ta fi ƙarfinsa, Najeriya ta sauya magani a 2005, shekarar shari'ar Dover. Behe ma a littafinsa na 2007 bai musanta waɗannan biyun ba, cewa ya yi iyakar ƙarfin zaɓin yanayi ke nan.

Ko kana tare da Behe ko kana tare da Miller, idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila. Samari da 'yan mata, iyaye da waliyyai, don Allah a je a yi gwajin jini kafin a sa rana.