Kiɗan Ailan a Kan Dalsima

'Yan'uwana ɗalibai da malamai, tun ran da na kaɗa wani baƙon molo a ɗakin taro, mutane suka dame ni da tambaya: mene ne wannan akwati, kiɗan wace ƙasa ce kuma? To, ga amsa, gwargwadon abin da na koya.

Sunan abin dalsima. Asalinsa daga duwatsun Afalashiya ne na ƙasar Amurka, inda manoma suka riƙa sassaƙa shi tun cikin ƙarni na 19, suna koyi da wani abin kiɗa da Jamusawa suka zo da shi. Akwati ne siriri, mai tsirkiya uku ko huɗu. Ba a rungumarsa kamar garaya, a kan cinya a ke kwantar da shi. A ƙarƙashin tsirkiyoyin an gicciya 'yan ƙarafa, waɗanda zan kira matakai. Gurmi da kuntigi ba su da su, sai kunnen makaɗi ya nuna wa yatsa wurin tsayawa. A dalsima kuwa mataki ɗaya murya ɗaya: do, re, mi, fa, so, la, kamar yadda mu ke rerawa a aji. Saboda haka yaron firamare ya kan fitar da waƙa a kansa cikin yini guda.

Ailan kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu a kudancin Kaduna. Fadannin mishan da yawa da suka buɗe makarantu a ƙasar nan mutanen can ne, haka kuma Sistocin St. Louis, waɗanda suka sauka Kano a 1948, daga baya aikinsu ya kai Zonkwa. Amma kada a ɗauka dalsima kayan gadonsu ne. Su nasu goge ne, da sarewa, da wata irin algaita mai zugazugi, da babban molo mai tsirkiya barkatai. Cikin waɗanda suka kusanto da abubuwan nan biyu har da Jean Ritchie, mawaƙiyar Kentaki, wadda ta fito da dalsima idon duniya. A 1952 ta tafi Ailan da Birtaniya tana ɗaukar waƙoƙin tsofaffi, don ta gano tushen waɗanda ta gada a gida.

Dalilin da ya sa suka dace da juna shi ne, a dalsima tsirkiya ɗaya ce ke yin waƙa, sauran biyun ƙugi kawai su ke yi da murya guda. Algaitar Ailan ma haka ta ke, tana da bututun da ba su sāke murya. Kunnenmu ya san wannan, gama mai garaya ya kan bar tsirkiya ɗaya tana amsa wa 'yar'uwarta.

Ga yadda a ke ɗaure tsirkiyoyin. Mai kauri, wadda ke nesa da kai, ita ce do na ƙasa. Ta tsakiya so. Ta kusa da kai, watau mai waƙa, do na sama. Masu karatun kiɗa su kan rubuta wannan D, A, D, kuma an yi sa'a yawancin kiɗan rawa na Ailan a kan D ko G ya ke. In waƙa ta G ce, sai a matse tsirkiyoyin duka a mataki na 3 da ɗan maƙalli, do ya koma can. In ta gangara ƙasa da do, sai ka ƙetara tsirkiyar tsakiya, ka sami so, la, ti na ƙasa.

Akwai wani tarko a nan, ni ma na faɗa cikinsa. A tsohon dalsima mataki na 6 ba ti ya ke bayarwa ba, ta ne, watau ti da aka rage wa rabin murya. Waɗansu waƙoƙin Ailan ta ɗin su ke so, waɗansu kuwa sai da ti. Na yi mako biyu ina zargin yatsana, ashe mataki ne babu. Don haka masassaƙan zamani su kan ƙara ɗaya tsakanin na 6 da na 7, ana ce da shi shida da rabi.

Sai maganar bugu. Kiɗan rawarsu iri iri ne, amma biyu sun fi yawa. Na farko jig, bugu shida a kowace gaɓa, an kasa su uku uku. Hannu ya fita, ya dawo, ya fita, sa'an nan ya sāke fita da ƙarfi a bugu na huɗu. Wanda ya taɓa jin mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya san shi. Na biyu ril, 'yan muryoyi takwas masu sauri, huɗu huɗu. Galibi waƙa kashi biyu ce, kowane kashi gaɓa 8, ana maimaita kowanne sau biyu, jimla 32 ke nan. Mutanen dā da gashin talotalo su ke bugu, su riƙa zamiya da ɗan kara a kan tsirkiyar waƙa. Wannan ya yi kyau ga waƙa mai nauyi, amma ril sai da yatsu. Ado kuwa, sai ka doki tsirkiya da yatsan hagu, ko ka fizge shi, murya biyu su fita da bugu ɗaya. Shawarata, kada mai koyo ya fara da ril. Ya nemi waƙoƙin Turlough O'Carolan, makahon makaɗin nan da ya rayu daga 1670 zuwa 1738, gama da yawansu a hankali su ke tafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Nawa dalsiman wani kafinta ne ya haɗa mini a Kafanchan, da katako da wayar jita. In tsawon tsirkiya santimita 66 ne, auna daga sama ka sa matakai a 7.2, 13.6, 16.6, 22, 26.8, 29, da 33, shida da rabi kuwa a 31. Lura, na 7 daidai rabin tsirkiya ya ke. Ga darasin lissafi a ɓoye cikin na kiɗa.

Wani zai ce, ina ruwanmu da kiɗan wata ƙasa? Ga ruwanmu. Bayan babbar yunwar da ta fara a 1845, mutanen Ailan suka watsu cikin duniya, kiɗansu ya tasam ma ɓacewa. Sai wani ɗansu, Francis O'Neill, shugaban 'yan sandan Shikago, ya bi makaɗa ɗaya ɗaya ana rubutawa, har a 1903 ya buga littafi mai waƙa 1,850. A 1951 kuma suka kafa ƙungiyar Comhaltas don koya wa yara. Mu fa? Ƙahonin da a ke busawa ran Afan a Kagoro, 1 ga Janairu, da waƙoƙin Tuk Ham na Kwoi, da na noma da niƙa cikin Tyap da Jju, nawa ne a rubuce? Na gwada biyu daga na kakata a dalsima. Ɗaya ta zauna daram, ɗaya ta ƙi, don muryoyinta sun faɗa tsakanin matakai. Ban tilasta mata ba, sai na ɗauki muryar tsohuwar a waya.

Saboda haka ina roƙon kowane ɗalibi, in ya tafi hutu ko koyon aikin koyarwa, ya komo mana da waƙa ɗaya ta garinsu, da sunan garin da lokacin da a ke yin ta. Mai son ya taɓa dalsima kuma, ya same ni bayan an tashi daga aji. Allah ya ba mu sa'a, amin.