Yadda Muke Raya Kabewa da Bazara

Ƴan uwa, a Damagaram zafin Afrilu yakan wuce digiri 40, amma kabewa tana jurewa in an kula da gindinta. Mukan gina rami kamu guda, mu zuba busasshen takin awaki, mu shuka ƙwara 3. In ta tsiro, mu lulluɓe gindin da karan gero don danshi ya daɗe. Ban ruwa da marece, a gindi, ba bisa ganye ba. In ganyen ya yi yaushi da tsakar rana, kada ku firgita, zafi ne. Ku duba da safe: in bai miƙe ba, to ƙishirwa ce, a ƙara ruwa. Bayan wata 3 zuwa 4, sai miyan taushe!