Abin da ke sa kwamfutar tebur ta tashi yau, gobe ta ƙi tashi

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a shekarar 2015, shagunan buga takardu da cibiyoyin koyon kwamfuta suka ƙara muhimmanci a garuruwan arewacin Jihar Yobe, irin su Yusufari da Gashuwa da Nguru. Wasu masu wannan sana'a kan sayi kayan kwamfutar tebur ɗaya bayan ɗaya su harhaɗa da kansu. Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne na'urar ta tashi lafiya yau, gobe ta ƙi, alhali ɗalibai na jira a bakin shago.

Irin wannan matsala ba kasafai take nufin babban allon cikin kwamfutar ya mutu ba, domin abin da ya ƙone ba ya farfaɗowa da kansa. Galibi laifin na wutar lantarki ne, ko ƙura, ko wani abu da bai zauna daidai a mazauninsa ba.

Matakin farko shi ne a lura da inda na'urar ke tsayawa. Idan aka danna maɓalli ko fanka ba ta motsa ba, sai a nemi matsalar ta ɓangaren wuta. Idan fanka na juyawa amma fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa, abin zargi na farko shi ne RAM. Idan kuwa tambarin kamfani ya bayyana sannan Windows ta ƙi buɗewa, sai a duba ma'ajiyar bayanai da wayarta.

Akwatin wutar kwamfuta yana karɓar bolt 230 daga soket, ya mayar da shi bolt 12 da 5 da 3.3, kuma ƙa'idar ƙera shi ba ta yarda waɗannan su kauce da fiye da kashi 5 cikin 100 ba. Idan ƙarfin wutar bai daidaita ba, akwatin ba zai ba babban allo izinin farawa ba. A inda ake sauyawa tsakanin wutar kamfanin YEDC da janareta da inbata ta sola, yana da kyau a riƙa rubuta wacce ake amfani da ita duk ranar da kwamfutar ta ƙi tashi. Idan kullum a kan janareta ne, sitabilaiza ko UPS ake buƙata, ba sabon allo ba. A kuma danna filogi mai ƙafa 24 da na kusa da kan sarrafa bayanai har su zauna sosai.

Yusufari na bakin hamada, ƙaramar hukumar da tuddan rairayin Tulo-Tulo suke cikinta. Lokacin hunturu, ƙura mai laushi kan shige tsakanin haƙoran RAM da mazauninsu, a bazara kuma zafi kan haura digiri 40, ƙarafa su riƙa buɗewa da tsukewa har abin da ke zaune ya saki. Maganin shi ne a zare RAM, a goge haƙoransa da busasshen ƙyalle mai tsabta, a kaɗe ƙurar mazaunin da iska, sannan a gwada guda ɗaya kawai a kowane mazauni.

Akwai kuma ƙaramin batir mai kama da kwabo a kan babban allo, samfurin CR2032 mai bolt 3. Idan agogon kwamfuta na komawa baya duk lokacin da aka zare wuta, batirin ya yi sanyi, kuma canja shi ba shi da tsada.

Kafin a taɓa komai a zare waya daga soket, a kuma dafa ƙarfen jikin kwamfutar, domin bushewar iskar hunturu na tara lantarki a jikin mutum wanda kan iya lalata RAM. Kada a buɗe akwatin wuta, saboda yana riƙe caji ko bayan an kashe shi.

Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, sannan a kunna a kashe kamar sau goma kafin a ce an gano laifin. Wanda ya bi wannan tsari zai san ainihin abin da zai aika a sayo masa daga Kano, maimakon ya zuba jarinsa a kan kayan da lafiyarsu ƙalau.