BAƘUWAR KAZA A GIDAN DURGU: WACE ZA A ZAƁA?

Ranar Juma'a, tun hantsi, layin masu kaji na kasuwar Matamaye yakan cika maƙil. Ga kajin gida cikin kwanduna, ga zabi, ga agwagi, ga kuma waɗansu manyan kaji masu sheƙin gashi da fatake ke shigowa da su daga Kano da Daura ta hanyar Ɗan Barto. Mace ta ɗauki adashi, ko ta tara ribar ƙuli-ƙuli, sai ta aiki ɗanta ya sayo mata ta turawa guda, domin ta ji an ce kullum tana yin ƙwai. Yaro kuwa wadda ta fi girma da kyan gani yake nunawa. Kafin wata ya zagayo, ko dai baƙuwar ta mutu, ko ta hana na gida sakat, ko kuma ta shigo da ciwon da zai share akurki duka.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce. A karkara kaza ita ce asusun mace. Da ita ake sayen magani, da ita ake saukar baƙo, da kuɗinta ake sayen littafin ɗan makaranta, kuma daga kaji ne ake hawa zuwa akuya. Saboda haka ya kamata mu tsaya mu duba yadda ake zaɓen baƙuwar kaza mai sanyin hali, wadda za ta zauna lafiya da ƙananan kajinmu.

Ni kaina na yi wannan kuskure. Da na karɓi albashina na fari, na sayi wani jibgegen jan zakara a Damagaram, na kai wa gwaggona a Matamaye, ina ganin na yi abin kirki. Durgu tara gare ta a lokacin. Zakaran ya fige musu gashin baya saboda nauyi, ya gurgunta ɗaya, kuma in an watsa tsaba shi ke fara cika ciki. Gwaggo ba ta ce mini kome ba. Da Salla ta zo, na same shi cikin miya.

Abin da ke tsakar gida

Kafin a yi maganar baƙuwa, sai a san darajar ta gida. Durgu, watau ƴar guntuwar kazar nan mai gajerun ƙafafu, da sauran kajin Hausa, nauyinsu bai cika wuce kilo ɗaya da ɗan wani abu ba. Turawa ma suna da irin nasu ƙananan kaji, suna ce musu bantam, sunan wata tsohuwar tashar jiragen ruwa ce ta tsibirin Jaba a ƙasar Indunusiya. Kazar gida ba ta da yawan ƙwai: takan yi 40 zuwa 60 a shekara, cikin zubi uku ko huɗu. Amma tana da abin da kuɗi ba ya saye. Tana kiwon kanta a juji da gindin rumbu, tana jure zafin bazara, ta san inuwar shirwa tun daga nesa. Abin da ya fi duka, tana kwanci. Kwana 21 take yi bisa ƙwanta ta ƙyanƙyashe, in an sa mata na zabi ta yi kwana 26 zuwa 28, ta kuma rene su kamar nata.

Yawancin kajin turawa masu yawan ƙwai sun rasa wannan hali, domin da gangan masu zaɓen iri suka raba su da shi: kazar da ke kwanci takan daina ƙwai. Ke nan baƙuwa ba ta zo ta gaji durgu ba, ta zo ne ta taimake ta. Ɗaya ta yi ƙwai, ɗaya ta yi kwanci. Wanda ya sayar da na gida duka ya zuba na turawa, zai ci ƙwai bana, baɗi kuma sai ya koma kasuwa neman ƴan tsaki.

Kaji ma suna da sarauta

Duk mai kiwo ya lura cewa a wurin cin tsaba akwai kazar da ke saran kowa, ba mai saranta, akwai kuma ta ƙarshe wadda kowa ke sara. Wani masani ɗan ƙasar Norwe mai suna Schjelderup-Ebbe ya bi diddigin wannan tsari, ya buga bayaninsa a shekarar 1922. Kowace kaza ta san matsayinta, ta kuma san fuskar ƴan gidansu. In baƙuwa ta shigo, sai tsarin ya rikice, a yi ta faɗa har a sake jera shi.

Nan ne zaɓe yake da wuya. In baƙuwar mafaɗaciya ce kuma ga girma, za ta danne ƙananan, ta kore su daga kasko. In kuwa sanyinta ya yi yawa kuma ita kaɗai ce, ƙananan za su taru a kanta, gama durgu ba ta duba tsawon abokin faɗa. Abin nema shi ne kaza mai haƙuri, wadda girmanta bai yi wa na gida nisa ƙwarai ba.

Baƙin da ake samu

Jar kazar Amurka, Rod Ailan, ita ce tsofaffin ma'aikatan kiwo suka fi sani. Gidajen kiwon kaji da gwamnati ta kafa a Gudel, da Maraɗi, da Miriya sun yi aikin yaɗa irin turawa cikin ƙasa, an kuma yi zamanin rabon jajayen zakaru a ƙauyuka don gyaran iri. Kazar tana kai kilo 3, tana da ƙwari, tana yin ƙwai 200 ko fiye a shekara in ta ƙoshi. Sai dai tana da son mulki, zakaranta kuwa mafaɗaci ne.

Farar Legon, wadda asalinta daga Italiya ne, ba ta da nauyi, kuma kaɗan ne suka fi ta ƙwai. Amma firgita gare ta. Motsi kaɗan ta tashi sama, ta haye danga, ta ruɗa sauran. Ba ta dace da gidan da yara ke kai da kawowa ba.

Barahama ita ce mai gashi har ƙafafu, wadda samari ke sha'awa don ado. Wajen sanyin hali ba ta da na biyu, amma tana kai kilo 4, ga ci, ga ƙarancin ƙwai in an gwada da cin nata. Kaza ba ta yin zufa, da baki take fitar da zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40, mai tulin gashi da nama ita ke fara faɗuwa.

Susek ta Ingila, fara mai baƙin wuya da baƙar wutsiya, tana da haƙuri da sabo da mutane, tana kiwo da kanta, wani lokaci ma takan yi kwanci. In an same ta, abin so ce, ko da yake ita ma tana kusan kilo 3.

Akwai waɗanda ake kira maja, masu launi iri-iri, da ke zuwa daga Nijeriya. Suna da saurin girma, suna iya yawon kiwo, ba su da yawan faɗa. Amma cikin ƴan watanni sukan ninka durgu girma, kuma a wurin kasko ba su da kunya.

Sai jajayen kajin ƙwai na gidan gona, irin su Isa Brown da aka fitar a Faransa a shekarar 1978, da Shika Brown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta samar domin yanayin ƙasashenmu. Nauyinsu wajen kilo 2 ne, suna da natsuwa, har a hannu sukan ci. Isa Brown tana iya yin ƙwai wajen 300 a shekararta ta fari. Ga mai durgu da ke son ƙwan ci da na sayarwa, waɗannan sun fi kusa da abin da yake nema. Wadda ta fi su sauƙin riƙo kuwa ita ce ruwa-biyu da aka ƙyanƙyashe a nan cikin gari, ta tashi da ruwanmu da ranarmu, ko da ƙwanta bai kai nasu ba.

Abin da za a duba kafin a biya

Na ɗaya, a sayi kaza, kada a sayi zakara. Babban zakara yana raunata ƙaramar kaza wajen taka ta. Zakaran gida ya isa.

Na biyu, a sayi sagara mai wata 4 zuwa 5, wadda ke gab da fara ƙwai. Masu gidajen gona sukan sayar da tsofaffin kajinsu da araha bayan sun ci moriyarsu. Irin waɗannan an yanke musu tsinin baki tun suna ƙanana, ba su iya tonon ƙasa sosai, ba su iya kare kansu. Araha ba ta ado.

Na uku, a sayi biyu in da hali, domin su raba wahalar baƙunci.

Na huɗu, a ɗauki kazar a hannu. Mai sanyin hali takan ɗan yi motsi ta natsu. A duba ido ya zama garau, hanci ba majina, numfashi ba ƙara, gindi ba zawo, ƙarƙashin fiffike ba ƙwarƙwata.

Na biyar, a yi lissafin ci. Kazar ƙwai tana bukatar giram 110 zuwa 120 na abinci kowace rana, watau wajen kilo 42 a shekara, kimanin tiya 17 ke nan. Kuma hatsi tsura bai isa ba, sai an haɗa da dusa, da tunkuza, da gara, da ganyen zogale, da dakakken ƙashi ko ɓawon ƙwai da aka gasa. Wanda ba ya da wannan, gara ya tsaya ga durgunsa.

Mako biyu a keɓe

Abin tsoro ga baƙuwar kaza bai tsaya ga halinta ba, har da abin da ta ɗauko. Annobar kaji da ke zuwa da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, sunan garin Ingila inda aka gan ta a 1926, tana iya ƙarar da kajin unguwa cikin ƴan kwanaki, kuma ba ta da magani. Kaza takan ɗauke ta kwanaki kafin alama ta bayyana, kasuwa kuwa mahaɗar kajin ko'ina ce. Mutanen wannan yanki ba su manta ba cewa a Magariya, maƙwabciyarmu, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, cikin watan Fabrairu na 2006, har aka kashe kaji masu yawa don tsai da ita.

Don haka in an kawo baƙuwa, a ajiye ta nesa da na gida, aƙalla mako biyu, da kaskonta dabam. A ranar da ta zo a nemi ma'aikacin kiwo ya yi wa kajin gidan duka lamba, har da ita, ko ta allura, ko ta maganin I-2 da ake ɗigawa a ido, wanda ake maimaitawa bayan wata huɗu-huɗu. Lambar tana ɗaukar wajen mako biyu kafin ta kama jiki, ke nan kwanakin keɓewa ba su tafi a banza ba. In kaji suka fara mutuwa da yawa, kada a kai sauran kasuwa, a sanar da ma'aikatar kiwo nan da nan.

Bayan haka sai a kifa mata babban kwando a tsakar gida kwana uku ko huɗu, su ga juna ba tare da sun taɓa juna ba. Ranar haɗawa, a sa ta cikin akurki da dare, su wayi gari tare. A ajiye kasko biyu nesa da juna, domin kada babba ta tsare abinci da ruwa. Ɗan sara na kwana biyu ba kome ba ne, sarauta ake jerawa. Amma in jini ya fita, a ɗauke mai raunin sai ta warke, gama kaji in sun ga ja ba su bari. Kazar da ke kwanci ko mai ƴan tsaki kuwa, a raba ta da baƙuwa har ƴaƴan su yi ƙwari.

Daga baya gwaggona ta sami jajayen sagaru biyu ta wannan hanya. Ƙwansu na farko ta zuba wa wata tsohuwar durgu, ita ta ƙyanƙyashe mata su, jikokinsu na nan a gidan har yau.

Jama'a masu karatu, yawancin masu kajin nan mata ne, kuma da yawansu ba su sami shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Wanda wannan shafi ya zo hannunsa, ya karanta wa uwargida, da inna, da maƙwabciya, kafin Juma'a mai zuwa. Allah ya sa wa kiwonmu albarka, amin.