Masu Satar Fasaha Sun Cinye Gumin 'Yan Fim A Kano

Tun shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, sana'ar fim ɗin Hausa take ciyar da jama'a masu yawa. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyarta, kaset ya riƙa tafiya har Kafanchan, Sabo ta Ibadan da Agege.

Amma ɓarayi suka bi sawu. Mutum zai ci bashi ya shirya fim, kafin ya mayar da uwar kuɗinsa an cika kasuwa da na jabu. Da wayar hannu ta zo, masu tura finafinai suka ƙarasa kasuwar faifai. Yanzu kuwa wasu kan kwashe fim ɗin wani su ɗora a YouTube, su karɓi kuɗin talla.

Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ba ta san intanet ba. Sabuwar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta ba mai aiki ikon rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da kayan satar domin ya sauke su.

Saura 'yan kallo na gida da na Kurmi, domin ɓarawon zaune shi ke ƙarfafa wa na tsaye gwiwa.