Tiyar da ake auna basira da ita

Hatsi da tiya ake auna shi, yadi da mita, zafin jiki kuwa likita na da ma'auninsa. To, basirar ɗan Adam fa? Shekaru fiye da 100 ke nan masana halayyar ɗan Adam suna yi ma mutane wata irin jarrabawa, daga ƙarshe su ba da lamba guda, wadda masu jin faransanci ke kira QI, masu turancin Ingila kuwa IQ. A ƙasashe da yawa wannan lamba ta yanke ma yaro ajin da za shi zauna, ta yanke ma saurayi matsayinsa a soja ko a wurin aiki. Sabili da haka ya kamata malamin makaranta, da ma'aikacin gwamnati, da uban da aka ce ma ɗansa ba ya ganewa, su san inda tiyar nan ta fito, da abin da take iya ɗauka.

Asalin abin daga makaranta ne. A shekara ta 1882 gwamnatin Faransa ta kafa doka cewa tilas ne kowane yaro, mace da namiji, daga shekara 6 zuwa 13, ya yi karatu. Da azuzuwa suka cika, sai malamai suka soma kuka da waɗansu yara da ba su iya bin ƴan'uwansu. Wane ne raggo a cikinsu, wane ne marar lafiya, wane ne kuwa ke bukatar a koyar da shi ta wata hanya dabam? Ganin malami kaɗai bai isa shaida ba, domin yaro mai ƙiriniya ya kan sha sunan daƙiƙi don kawai a rabu da shi. A 1904 ma'aikatar ilimi ta naɗa kwamitin duba al'amarin, a cikinsa akwai wani masani mai suna Alfred Binet, wanda ake faɗin sunansa Bine. Shi da wani matashin likita, Théodore Simon, suka fito da ma'auninsu na farko a birnin Pari a 1905, mai tambayoyi da ƴan ayyuka 30, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Ayyukan ba na karatun aji ba ne. A ce ma ƙaramin yaro ya nuna hancinsa da idonsa da bakinsa. A faɗa masa lambobi ya maimaita. A ba shi ƴan akwatuna masu kama ɗaya ya jera su bisa ga nauyi. A tambaye shi bambancin ƙuda da malam-buɗe-littafi, ko na itace da gilashi. A gyaran da suka yi a 1908 sun raba ayyukan bisa shekaru, watau abin da yawancin ƴan shekara 5 ke iyawa, da na ƴan shekara 6, har zuwa 13. In ɗan shekara 9 ya tsaya a ayyukan ƴan shekara 7, to, an gane yana baya da shekara 2, sai a nema masa taimako. A 1909 Faransa ta yi dokar buɗe azuzuwa na musamman domin irin waɗannan yara.

Abin lura shi ne ra'ayin Bine da kansa game da abin da ya ƙaga. Bai yarda basira abu guda ba ce da za a auna kamar tsawon gini. Ya yi faɗa ƙwarai da masu cewa yadda aka haifi yaro haka za shi mutu, har ma ya shirya waɗansu wasanni na horar da natsuwa da tunani, ya ga yaran sun ci gaba. A wurinsa jarrabawar hoton yaro ce na ranar da aka yi ta. Ya rasu a 1911 yana da shekara 54, bai ga inda aka kai abin ba.

A 1912 wani Bajamushe, William Stern, ya kawo shawarar a raba shekarun basira da shekarun haihuwa. A 1916 Lewis Terman na jami'ar Stanford a Amurka ya sake tsara ma'aunin Bine domin yaran ƙasarsa, ya riɓanya sakamakon rabawar sau 100. Ɗan shekara 8 da ya iya ayyukan ƴan shekara 10 ya samu 125, ɗan shekara 10 da ya tsaya a na ƴan shekara 8 ya samu 80. Lissafi mai sauƙi, shi ya sa ya karɓu. Amma lamba na da wani kwarjini da bayanin baki ba shi da shi: da an rubuta 80 a takardar yaro, ba mai sake tambayar ko ya karya kumallo ran nan, ko ya ji harshen da aka yi masa magana da shi. Terman da abokansa kuwa sun ɗauka cewa lambar gado ce, ba ta sakewa.

Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko a 1917, an yi ma sojoji wajen miliyan 1 da dubu 750 jarrabawa, ƙungiya-ƙungiya. Masu karatu aka ba su ta rubutu, marasa karatu ta hotuna, a ce su cika abin da babu a hoton. A cikin hotunan akwai filin wasan tanis da ba raga, akwai garmaho da ba ƙaho. Manomin da ya baro ƙauyensa a Italiya ko Polan bara, ina ya taɓa ganin filin tanis? Baƙi da baƙaƙen fata suka fito a ƙasa. Lissafin da kansa ya nuna cewa gwargwadon daɗewar baƙo a Amurka, gwargwadon hawan lambarsa, abin da ke nufin sabo da harshe da al'ada ake aunawa. Amma Carl Brigham, a littafinsa na 1923, ya fassara shi da cewa baƙin baya-bayan nan irinsu ne ba shi da kyau. A 1930 ya fito fili ya janye maganarsa, sai dai aikin gama ya gama. An riga an yi dokar taƙaita shigar baƙi a 1924, cikin yanayin irin waɗannan maganganu. A 1927 kotun ƙolin ƙasar ta halatta a yi ma waɗanda aka kira masu raunin hankali aikin hana haihuwa ba da yardarsu ba, kuma mutane fiye da dubu 60 aka yi ma haka a Amurka cikin ƙarni na 20.

A gefe guda kuma masana na ta gardama a kan ko mene ne basirar da ake aunawa. Charles Spearman na Ingila ya lura a 1904 cewa yaron da ya yi kyau a fanni guda, galibi ya kan yi kyau a sauran, sai ya ce akwai wani ƙarfi guda a ƙarƙashinsu duka, ya sa masa harafin g. Louis Thurstone a 1938 ya ce iyawa iri 7 ce, kamar ta kalmomi, da ta lissafi, da ta riƙe abu a ka. Howard Gardner a 1983 ya faɗaɗa abin har ya haɗa da kiɗa, da sarrafa jiki, da sanin halin mutane. Malaman makaranta sun so ra'ayin Gardner, amma masu awo sun ce hujjarsa ba ta da ƙarfi, kuma abin da Spearman ya gani har yanzu ana ganinsa a lissafi. Gaskiya ce kuma ba a ɓoye ta: inda aka yi jarrabawar cikin harshen yaro da al'adarsa, tana hasashen yadda za shi yi a makaranta daidai gwargwado, tana kuma taimakon likita ya gano yaron da ke da tawaya ta ainihi.

Sharaɗin nan na harshe da al'ada shi ne inda gizo ke saƙa, kuma a Afirka aka fi ganinsa sarai. A shekarun 1960 waɗansu masana daga Amurka sun yi aiki a cikin ƙabilar Kpelle ta Laberiya. Ɗaya daga cikinsu, Joseph Glick, ya ajiye ma manoma kaya 20, na abinci, da na aiki, da tufafi, da mazubai, ya ce su haɗa waɗanda suka dace da juna. Amsar da takarda ke jira ita ce abinci wuri guda, kayan aiki wuri guda. Su kuwa sai suka aza wuƙa kusa da lemo, fartanya kusa da dankali, suka ce ai mai hankali haka za shi yi, tun da wuƙa ke yanka lemo. Da ya gaji, sai ya tambaye su yadda wawa za shi haɗa. Nan take suka jera masa kashi 4, daidai yadda takardarsa ke so. Ashe sun san amsar tun farko, raina ta suka yi. A cikin mutanen nan dai John Gay da Michael Cole suka gwada kintacen yawan shinkafar da ke cikin kwano, manoman da ba su taɓa shiga aji ba suka fi Amurkawa masu ilimi dacewa.

Robert Serpell ya yi wani gwaji da aka buga a 1979, tsakanin yaran Lusaka a Zambiya da na Manchester a Ingila. Aiki guda aka ba su, su kwaikwayi siffa, amma ta hanyoyi dabam-dabam. Da fensir da takarda yaran Ingila suka yi gaba. Da waya, irin wadda yara ke lanƙwasawa su ƙera motar wasa, yaran Zambiya suka yi gaba. Da yumɓu kuwa suka yi kunnen doki. Mai jarrabawar da ya zo da takarda kaɗai, da ya koma gida da labarin ƙarya, alhali bai yi kuskuren lissafi ko ɗaya ba.

Kalmar ma kanta ba ma'ana guda gare ta ko'ina ba. A 1967 an buga wani nazari a kan kalmar lakkal ta Zabarmawa, wanda Diouldé Laya na Nijar ke cikin marubutansa, aka nuna cewa ta ƙunshi fahimta, da iya aiki, da sanin yadda ake zama da mutane. Hankali a bakin Bahaushe ma haka yake. Yaro na iya zama mai ƙwaƙwalwa, mai wayo, ya haddace abu nan da nan, amma in bai san gaida manya ba, ko aka aike shi ya tsaya wasa, ba a ce masa mai hankali. Jarrabawar Turawa kuwa sauri take so, da agogo a hannu, a gaban baƙo, ga yaron da aka hore shi kada ya ɗaga ido ya yi ta zuba a gaban babba.

Hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa lambar ba ta motsi daga ƙasashensu ta fito. James Flynn na Niyu Zilan ya tattara sakamakon ƙasashe 14, ya nuna a 1987 cewa kowane ƙarni na samari ya fi na iyayensa cin jarrabawar, abin da ya kai wajen maki 3 a kowace shekara 10. A Holan, samarin da aka auna domin shiga soja a 1982 sun fi na 1952 da maki kusan 20. Jini ba ya sakewa cikin shekara 30. Abin da ya sake shi ne makaranta, da abinci, da lafiya, da irin aikin da mutane ke yi. Da Norwe ta ƙara karatun tilas daga shekara 7 zuwa 9 a shekarun 1960, bincike ya nuna kowace shekarar ƙari ta ɗaga lambar da maki fiye da 3. Yunwa a farkon rayuwa da rashin sinadarin ayodin a gishiri kuwa ja da ita baya suke yi.

A yau ba a bin lissafin Terman. Tun daga ma'aunin David Wechsler na 1939, ana gwada mutum ne da tsararrakinsa: matsakaicinsu shi ne 100, kuma kashi 2 cikin 3 na mutane na faɗawa tsakanin 85 da 115. To, su wane ne tsararrakin? Su ne yaran da aka gwada ma'aunin a kansu sa'ad da ake shirya shi. In an sayo shi daga Faransa, 100 ɗin na yaran Faransa ne masu jin faransanci tun daga goyo. Yaron Tawa ko Maraɗi da ya soma jin harshen a ranar da aka kai shi lakwal, in aka auna shi da wannan, rabin abin da aka auna faransancinsa ne. Matsalar harshen koyarwa ce ta sa Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko cikin Hausa a Damagaram a 1973, kuma abin da ya shafi koyarwa ya shafi awo.

Masu aikin na ƙwarai sun san haka, shi ya sa ba su yanke hukunci da lamba ita kaɗai. Su kan fara duba ko yaron na ji, yana gani, ba shi da ciwo. Su kan zauna da iyaye da malami, su tambayi abin da yake iya yi a gida, a gona ko a kasuwa, su yi jarrabawar cikin harshen da ya fi ƙwarewa, su sake ta bayan wani lokaci. Inda aka ƙi yin haka, magana ta kan kai kotu. A jihar Kalifoniya iyayen waɗansu yara baƙaƙen fata sun kai ƙara, domin an cika azuzuwan masu raunin hankali da ƴaƴansu fiye da kima bisa ga lambar nan. A 1979 alƙali ya ba su gaskiya, ya hana makarantun jihar amfani da jarrabawar wajen tura yara baƙaƙen fata irin waɗannan azuzuwa.