Ba Ni Gishiri In Ba Ki Manda: Labarin Musayar Ƙoda

Uwargida, ko kin san cikin da kika ɗauka na 'ya'yanki yana iya hana mai gidanki ya ba ki ƙodarsa ran da taki ta gaza? Na san za ki yi mamaki. To, gyara zama ki ji yadda abin ya ke, ki kuma ji dabarar da likitoci suka samo.

Kowane mutum ƙoda biyu gare shi, aikinsu tace jini su fid da dauɗa ta fitsari. In duka biyun suka mutu, sai wankin ƙoda da inji sau biyu ko uku a mako, ko kuwa dashe. Mai lafiya yana iya ba da guda ya rayu da guda. A 1954 Likita Joseph Murray ya fara cin nasarar dashen a birnin Boston na Amurka, tsakanin waɗansu tagwaye. A nan gida kuwa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya soma a 2002.

Amma fa ba kowace ƙoda jiki ke karɓa ba. Da fari akwai rukunin jini: mai jinin O, alal misali, daga mai O kaɗai ta ke karɓa. Na biyu, jikin kowa yana da waɗansu alamu da ya gada daga iyayensa, cikin jini kuma akwai masu gadi da ke far wa baƙuwar alama. Abu uku ke tada su: ƙarin jini, da dashen da aka taɓa yi wa mutum, da ciki. Jariri rabin alamunsa na ubansa ne. Jikin uwa ya kan gane su ya riƙe, ko bayan shekara ashirin. Shi ya sa kafin dashe a kan gauraya jinin majinyaciya da na mai bayarwa a gani. In suka yi faɗa, an fasa. Sau da yawa mijin da ya zo da zuciya ɗaya, ko ɗan cikinta, shi gwajin ke kayarwa, ta koma layin inji.

Ga dabarar. A ce ga gidan gabas, miji yana son ba matarsa, bai dace ba. Ga gidan yamma, wata tana son ba yayanta, ita ma ba ta dace ba. Sai a duba, a tarar ƙodar mijin ta dace da yayan nan, ta ƙanwar kuma ta dace da matar. Shi ke nan, sai musaya. A kan shiga da su tiyata lokaci guda, don kada wani ya janye bayan nasa ya samu.

Wani likita, Felix Rapaport, ya kawo wannan shawara a 1986. Koriya ta Kudu ta fara aikatawa a 1991, Amurka a 2000, ƙasar Holan kuma ta haɗa asibitocinta duka cikin shiri ɗaya a 2004. Hikimar haɗuwar ita ce, wadda ba ta dace da kowa cikin mutum goma ba, wataƙila ta dace da ɗaya cikin dubu. Kwamfuta ke lissafin wa zai ba wa. Alvin Roth, ɗaya daga masu tsara lissafin, ya sami lambar Nobel a 2012.

Akwai kuma sarƙa. Wani mai alheri ya ba da ƙodarsa ga baƙo kyauta, ɗan'uwan baƙon ya ba na gaba, haka har a je. Wata sarƙa da aka ƙulla a Amurka a 2007 ta kai mutum 10 cikin wata 8. In musaya ta faskara, a kan tace jinin majinyaciya a rage masu gadin, a ba ta magani, kana a dasa. Wannan hanya tana da tsada, da hatsarin jiki ya ƙi ƙodar daga baya.

To, me ya rage gare ki? In likita ya ce ƙodarki ta yi rauni, gaya masa ciki nawa kika yi, har da ɓari. In za a ƙara miki jini, tambaye shi ko akwai wata hanya, amma in ya ce dole ne kada ki ƙi, rai ya fi. In an gwada mai gida bai dace ba, kada ku naɗe tabarma. A gwada 'yan'uwanki na ciki ɗaya, gama su suka fi kusa da alamunki, ku kuma tambayi asibitin ko ana haɗa iyali da iyali. In ke ce mai bayarwa, a auna lafiyarki sosai, ki faɗi in kina son ƙara haihuwa, kada kuma kowa ya tilasta miki. Cinikin ƙoda kuwa, Dokar Lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana shi.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata wannan, ku dage da ilmin kimiyya. Aikin gwada jinin nan yana jiran hannu, kuma babu abin da ya hana ya zama naku.

Sai mako mai zuwa.